Ragon Iya Talle

Lokacin matsar rake a ƙauyenmu da ke gefen Dandamisa, wutar dafa mazarƙwaila ba ta mutuwa sai bayan isha. Nan muke raɓewa jikin kakarmu Iya Talle, ni da ƙanwata Rabi, muna lasar abin da ya daskare a jikin ludayi. Iya mafaɗaciya ce. In ka yi gyangyaɗi tana tatsuniya, da karan rake za ta tashe ka.

"Ga ta nan, ku karɓa da zafinta," haka take farawa.

Akwai wadda ba na mantawa. A wani gari ne ake wayar gari a tarar an farke cikin awaki a garke, hanji a waje. Mutane suka ce kura ce. Suka cinna wa jeji wuta, suka rotse kawunan kuraye da kulake, har jariransu na cikin rami. Washegari ga jini kuma. Suka ce to baƙon da ya sauka a zaure maye ne, suka yi ta jifansa har kansa ya fashe. Ɓarna ba ta tsaya ba. Sai wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a bakin garken, ta zuba ido kwana bakwai. Ashe wani rago ne haifaffen garken ya tsiro da fiƙa. In an sare shi, jinin da ya ɗiga sai ya tashi wani ragon. Amma tsohuwa ta lura ba ya iya kisa sai ya sha ruwan dusa daga wata ƙwarya. Ta kife ƙwaryar, rago ya rame har ya mutu.

"Masu gaggawa sun kashe baƙo," in ji Iya. "Mai kallo ce ta kashe rago. Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

A shekarar da ta ba mu wannan tatsuniya ne ƙullutu ya fito mata a mama, kamar goruba. Baffana ya ce a je asibiti, dattawan gida suka ce ciwon daji ba ya son allura. Aka kira wanzami ya yi mata sakiya. A wannan wuta tamu ya gasa ƙarfen har ya yi ja. Mata huɗu suka danne ta, ni ina leƙe ta jikin zana. Na ji ƙaurin nama, na ji Iya, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba, tana kiran sunan uwarta da ta daɗe a ƙasa. Ciwon ya buɗe baki, bai sake rufewa ba.

Wata rana ina kore mata ƙudaje, haushi ya ci ni na ce, "Iya, ba ke kika ce a fara kallo ba?"

Ta dube ni ta ce, "To wa zai zauna ya kalla mini, 'yar nan?"

Ba ta ga matsar raken baɗi ba. Har gobe in na tuna ƙarfen nan raina ɓaci yake yi.

Na yi karatu, na zama mai binciken sankarar mama. Shekaruna sun ƙare ina sunkuye a kan madubin hangen ƙwayoyin halitta, ina duba tsokar da aka yanko daga jikin matan ƙasarmu. Ƙwayoyin nan ba baƙi ba ne, haifaffun jikin ne. Wasu da sinadarin jikin mace suke ƙiba, wasu kuwa har yanzu muna neman ƙwaryarsu. Ɗalibaina sun gaji da jin labarin rago, har tsokanata suke yi da shi.

Bara Rabi ta kira ni a waya. "Yaya, na ji ƙullutu a mamana. Surukata ta aika a kira wanzami."

Na ce, "Kulle ƙofarki. Ko wa ya buga kada ki buɗe sai kin ji muryata."

Na tuƙo mota zuwa Makarfi, inda take aure, na ɗauke ta, ana zagina wai boko ya ci min kai. Da aka yanko tsokar, na roƙi abokan aikina su bar ni in duba. Na daidaita madubin. Mai shan ruwan dusa ne, irin wanda ke ƙiba da sinadarin jikin mace. Likitoci suka yi mata aiki, suka ɗora ta a kan maganin da ke kife ƙwaryar.

Rabi na nan, ta koma sayar da mazarƙwaila ranar kasuwa. Da na je ƙauye na tsaya inda muke hura wutar, yanzu an shuka masara a wurin. Na yi wa Iya addu'a, sannan na ce, "Iya, na zauna na kalla. Ke ce dai ban riska ba."