Tikiti Biyu na Goggo Tsuya

Duk garinmu babu mai juya tuffa kamar Goggo Tsuya. Idan kaka ta kama, za ka hango ta a kan tsani, fuska naɗe da ƙyalle, tana tallafe kowace tuffa da tafin hannu tana murɗa ta kaɗan, don gefen da bai ga rana ba shi ma ya yi ja. Ni in na gwada sai tuffar ta tsinke ta faɗo. Ita kuwa ta haura shekara saba'in, ido ya fara gajiya, amma hannun bai manta ba.

Gonarsu na manne da tamu a gindin dutsen Iwaki. Ba mu haɗa jini ba. Aure ne ya kawo ni daga Sendai, na zo ban san komai ba, ita ta ja ni a jiki har na iya aikin gona. Bakinta kaifi gare shi, kuma rabin kaifin a kan mijinta Isamu yake ƙarewa, mutumin da za ka wuni tare da shi bai ce maka kanzil ba.

Abu ɗaya ke buɗe bakin Isamu. Lokacin ƙuruciya, da zarar ƙanƙara ta rufe gonaki, shi da yayansa Tatsuo sukan tafi ci-rani Tokyo aikin gini, su bar mata da yara da sharar ƙanƙara. A ɗaya daga cikin shekarun ne suka yi aiki a wani wurin wasa da ake ginawa a gefen birni, inda aka kafa ƙaton lilon nan mai juyawa kamar tayar keke, wanda ke ɗaga mutane sama. Ana gamawa ya dawo gida, bai taɓa shiga ba. Amma duk sanda ya ɗan sha giyar shinkafa sai ya ce shi ya zuba kankaren gindin lilon, kuma wata rana zai kai Tsuya ta hau. Ita kuma ta ce ta ji, tun tana da haƙora take jin wannan alkawari.

Bara, ana dab da gama tsinka, sai ga shi ya shigo mana yana murza hula. Wai in saya masa tikiti biyu na wurin wasan nan a wayata. Na karanta masa sharaɗin: ana iya sauya ranar zuwa sau nawa aka ga dama, muddin shekara ba ta cika ba daga ranar saye. Ya ce to madalla. Ni kuwa na yi danasanin karanta masa wannan wurin.

Ranar farko ƙanƙara ta sauko kamar da gayya, ya ce rassa za su karye in ba a kakkaɓe su ba. Na sauya. Aka shiga sassabe, na sauya. Fure ya fito, ya ce wane mahaukaci ne zai bar gona da fure. Da damina ƙafar Goggo ce ta kumbura, wannan kam ba laifinsa ba ne. Har ya zamana in na ga hularsa a bakin ƙofa, ba na jira ya yi magana, sai in ɗauko waya. Wani lokacin haushi ya kama ni in ce masa itatuwan nan ba jarirai ba ne, ga mu, ga maƙwabta, kwana biyu kacal. Sai ya sunkuya ya ce ba ya son ɗora wa mutane nauyi. Haka mazan garinmu suke, gara su mutu a kan tsani da su ce a taimake su.

Goggo takan yi kamar abin bai dame ta ba. Amma ni na san ta sayi sabon takalmi mai taushi, ta ajiye shi cikin kwalinsa. Kuma duk sauyin da aka yi, sai ta leƙo ta tambaye ni sabuwar ranar, wai don kada ta jiƙa wake a banza.

Aka tsayar da wata rana a watan Satumba, rediyo ya ce guguwar teku na tafe. Guguwar ta kauce, ko ganye bai faɗi ba, amma an riga an sauya. A watan Oktoba, ana tsakiyar juya tuffa, suka ci abincin rana a gindin itace, Isamu ya jingina ya ce zai ɗan runtsa. Bai farka ba.

Bayan an ƙona gawa an kawo tokar gida, sai wayata ta tuna mini da tikitin. Shekara za ta cika a tsakiyar Nuwamba, ga tsinka ta kankama, ga kwana arba'in da tara na makoki ba su cika ba. A cikin kwanakin nan mai makoki ba ya zuwa biki, balle wurin wasa, domin mamaci bai gama barin gida ba, sai ranar cikar yake kama hanya. Na so in yi shiru abin ya wuce. Goggo ce ta tambaye ni, tana kunna turare a gaban hotonsa. Na faɗa mata ranar ƙarshe. Ta ce in sauya zuwa wannan ranar, kuma in saya wa kaina na uku.

Magana ba ta kwana a garinmu. Washegari sai ga Tatsuo, shi ne babba a dangi yanzu. Ta zuba masa shayi, ta durƙusa ta saurare shi har ya gama. Ya ce turaren ƙaninsa bai huce ba, mutane za su ce matar Isamu ta tafi hawa lilo. Ya ce ta bari makoki ya wuce, shi da kansa zai saya mata wani tikitin.

"Yaya, ba ku kuka ce yana nan gidan ba har ranar cika?"

"Haka ne."

"To in na bari ta wuce, da wa zan je? Shekara arba'in tuffa na riƙe da mutumin nan. Yanzu ne kaɗai ba shi da aikin yi."

Tatsuo ya ajiye kofinsa. Ya tashi bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Amma ranar tafiyar, muna fitowa da safe, muka tarar da tsaninsa jingine a gonar Isamu, shi da 'ya'yansa da mijina suna ta tsinka. Ko juyowa bai yi ba. Sai da muka gota shi ya ce wa itacen da ke gabansa a gaya wa wancan malalacin ƙanin nasa ya riƙe mata jaka.

A jirgin ƙasa ta rungume jakar a cinya. A ciki akwai ɗan farin allon katako mai sunan Isamu, wanda ke zaune gaban hoton, ta naɗe shi cikin ƙyallen da take rufe fuska a gona. Da muka isa ƙofar wurin wasan na nuna tikiti uku. Yarinyar da ke duba tikiti ta ƙirga mu, ta ce ina na ukun.

"Yana tare da mu, 'yata. Ba mai son magana ba ne."

Yarinyar ta dubi jakar, ta dubi baƙaƙen kayan Goggo. Ta danna na'urarta sau uku, ta sunkuya har ƙasa ta ce mu ukun mu sha wasa lafiya.

Goggo ba ta kalli komai ba, ko masu kiɗa ko masu sayar da alewa, kai tsaye ta nufi lilon. Na yi niyyar shiga tare da ita, ta dafa hannuna ta ce in yi haƙuri in jira a ƙasa. Na tsaya ina kallon ɗan akwatin gilashin da ta shiga yana hawa a hankali. Ina hango ta, ta ajiye jakar a kujerar da ke fuskantarta, bakinta na motsi, har da nuni da yatsa. Daga nan ta yi nisa, ban ƙara ganin komai ba. Kuka ya zo mini a tsakiyar yara masu ihu, na bar shi ya zo.

Da ta sauko idonta ya yi ja, amma tafiyarta ta sauya, kamar wadda ta sauke kwandon tuffa daga baya. Na tambaye ta ko ta ga teku daga can sama.

"Wane teku? Faɗa nake yi masa. Tun daga ƙanƙarar da ya bar ni ina shara da goyo na faro, ban rage masa ko ɗaya ba. Da muka kai can ƙoli sai na duba na ga faɗan ya ƙare." Ta gyara jakar a ƙirjinta. "Sai na ce masa na gode. Yanzu in ranarsa ta zo, ya kama hanya, ba na riƙe da shi."

Muka sami benci a rana muka zauna. Ta ce ƙafarta na ciwo, in taya ta cire sabon takalmin.