Takin Kaji a Bakin Teku

Shekara biyu bayan guguwar da ta ci bakin tekun New York, sunana ya fito a jerin masu jiran fili a wani lambun unguwa, can ƙarshen layin jirgin ƙasa, inda gine-gine ke ƙarewa rairayi ya fara. Daga gidanmu a University Heights tafiyar kusan awa biyu ce. Ban damu ba. Wanda ya shekara tara yana shuka yakuwa a gwangwanin tumatir a bakin taga ba ya kukan nisa.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini. Gefen filin da ke fuskantar teku na wani ɗan fure ne rawaya, ɗan'uwan wanda Turawa ke kira sanfulawa, mai yaɗo a ƙasa kamar kabewa. Aikinsa riƙe rairayi kada iska ta kwashe. Shugabar lambun, wata tsohuwar nas mai idon sufeton makaranta, ta karanta mini dokar sau biyu: ba taki, ba tono, ba ban ruwa da zarar ya kama. Wanda furensa ya mutu kafin ƙarshen Agusta, filinsa ya koma hannun na baya a layi. Na ce to, ga noman da ya dace da tsohon malamin makaranta irina: ka harɗe hannu kana kallo.

Sai surukina ya zo daga Daura a duba masa ido. Sati biyu a hawa na biyar na benenmu, dattijo ya fara ramewa. Matata ta ce in kai shi lambu ya sha iska.

Ya durƙusa ya damƙi rairayin, ya murza.

"Jigawa ce, Malam. Wannan mai yaɗon, me ake ci a jikinsa?"

"Ba a ci, Baba."

"Magani ne?"

"A'a, Baba."

"Awaki fa?"

"Babu awaki a nan, Baba."

Ya daɗe yana kallona, kallon mai tuna wa ya ba 'yarsa. Sannan ya ce tunda dai an shuka, bai halatta a bar shi da yunwa ba.

A nan ne ya kamata in yi magana. Na koyar da aji mai ɗalibai saba'in, na yi musu da hedimasta ido da ido. Amma mutum ba ya buɗe baki ya ce wa surukinsa, manomin shekara hamsin, bai san ƙasa ba. Na bi ta wajen matata, kamar yadda aka saba. Ta ce, "Kai ka kai shi, kai za ka faɗa masa." Na tura wani abokina ɗan Gana mai tasi, ya dawo ya ce tsohon ya fi mu gaskiya.

Baba ya gano mayankar kaji a Bronx. Kowace Asabar muka riƙa ɗaukar buhun kashin kaji a jirgin ƙasa, ni ne ɗan dako. Ban taɓa samun wurin zama mai yalwa haka a garin nan ba. Baba ya yi huɗa layi-layi, gyararriya, ya zuba taki, ya ba da ruwa safe da yamma duk ranar da muka je. Furen maƙwabta, marayu marasa gata, suka yi ta fitowa rawaya shar a busasshen rairayi. Nawa ya yi ganye kamar alayyahu, ya miƙe, ya kwanta, saiwar ta ruɓe.

Ranar dubawa shugabar ta tsaya kan huɗar, ta toshe hanci.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaya da Turanci.

Baba na gefe, ya gyara hula, yana jiran yabo.

"Ni ne," na ce.

Ta ce in kwashe yakuwata kafin Litinin, in bar makullin lambun a akwatin ƙofa.

"Me take cewa, Malam?"

"Ta ce ba ta taɓa ganin aiki irin wannan ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce a gaya mata ba komai, yi wa kai ne. A jirgi, makullin na aljihuna, ya dafa gwiwata ya ce kada in sa damuwa. Laifin kajin Amurka ne, kashinsu ba ƙarfi. Baɗi, in Allah ya kai mu, na shanu za mu nema.

Na ce, "Allah ya kai mu, Baba."