Tambayar Mode Mai Gyaran Inji

Shekara talatin Mode ya yi yana gyaran injin ban-ruwa a fadamun Goronyo. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko tuwo a tsaye yake ci. Ciwon baya ne ya fara zaunar da shi, har aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka tura shi cikin na'urar hoto mai ƙara kamar injin niƙa.

Da ya fito, ya tambayi ma'aikacin wurin yadda na'urar ta ga ƙashinsa. Ma'aikacin ya ce akwai ƙananan ƙwayoyi a ruwan jikin mutum masu juyi, su maganaɗisun na'urar ke jerawa.

Maganar ta hana Mode sukuni. Likita ya ce ya kwanta, shi kuwa kwana uku da komawa gida ya hau babur zuwa Wurno wajen Mashkura, ɗiyar ƙanwarsa, malamar fiziks.

"Ke ɗiyata, mi ka juyawa cikin jikina?"

Ta ciro ƙafar keke, ta murza, ta miƙa masa. "Kawu, karkata ta."

Ya gwada, ƙafar ta yi masa gardama. "Wanga na san shi tun ba a haife ki ba."

"To, ƙarfin juyi ke nan. Ƙwayoyin nan suna da irinsa, an auna an gani. Amma ba juyawa suke kamar ƙafar keke ba. Da shi suke, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. In an auna, ko sama ko ƙasa."

"Wa ya murza su?"

"Ba kowa."

"Ba su son giris?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya miƙe, ya zagaya ɗakin, ya dawo. "Juyi babu juyawa? Ke kin gane shi?"

"Lissafinsa na gane, Kawu. Siffarsa kam ban iya ganin ta ba."

Bai gamsu ba. Ya je Rabah wajen wani tsohon malami, ya dawo da amsar da ta fi ta Mashkura rikici. Ranar Laraba sai ga shi a ƙofar ajinta. Ta ba shi benci a baya. Tun daga nan yake zuwa duk mako, ya bar manoma suna cigiyarsa, kuma har yanzu shi ne ke fara ɗaga hannu.