Mai Jego a Akwatin Kifi

Jama'a, yau na karɓi haihuwa a falona, kuma ta baki!

Kun san kifayen adon nan 'yan Malawi da maigidana yake kiwo a akwatin gilashi. Ya tafi Abuja ya bar min amanarsu. Sai wata mai ruwan ɗorawa ta daina cin abinci kwana da kwanaki, maƙogwaronta ya kumbura suntum. Na ce shi ke nan, a hannuna za ta mutu!

Ina dawowa daga aiki na kamo ta na sa a roba in duba. Surukata Hajiya, da ta zo daga Darmanawa, ta leƙo ta ce, "Hangum ne wannan."

Kawai sai 'yar kifin ta wangale baki. 'Ya'ya mitsi-mitsi suka fito suna iyo! Hajiya ta kai hannu, suka ruga bakin uwar, ta rufe.

Hajiya ta dafe ƙirji: "Innalillahi, ta haɗiye su!"

Na kira maigidan a waya. Dariya har da tari! Wai haka irin kifayen nan da ake kira sikilid suke, a baki suke goyo.

Hajiya ta kalle ni sama da ƙasa: "'Yar nan, ungozoma guda a asibiti, amma mai jego a falonki kin kasa ganewa?"