Samari Biyar a Bangon Faifai

Jiya a tasi na ji wata tsohuwar waƙar Amurkawa, mai jita mai kama da kuka, sai surukata ta faɗo mini a rai.

Shekaru ta yi tana wanki da guga a gidan wani injiniya Ba'amurke a unguwar Bagdadiyya, can ƙasa mai tsarki. Ba ta jin Turanci, amma matar gidan, da guntun Larabcinta, ta sanar da ita mawaƙan da ke kan fayafayensu. Ta san wanda ya yi fushi ya bar ƙungiya, da wanda ya ajiye ganga ya kama jita. In ta fara lissafo su, dariya muke yi mata.

Ranar da 'yan sanda suka kama mijina saboda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, na same ta a ɗakinmu na unguwar Karantina bayan azahar, hannunta na warin sabulu. Ta ɗauko bangon faifan da aka ba ta, mai hoton samari biyar masu dogon gashi.

"Wannan ya bar su," ta ce. "Wannan kuwa ya mutu a ɗakin otal, nesa da uwarsa."

"Inna, ki ci abinci," na ce.

Ba ta ɗaga yatsanta daga fuskar saurayin ba. "Ko wa ya yi masa wanka?"

An kori mijina daga ƙasar. Ta rasu ba ta sake ganinsa ba, ni na yi mata wanka. Allah ya haɗa ta da ɗanta inda ba a tambayar takarda.