Waifa Biyu a Kujerar Direba

Kafin a fara kirana ɓarawo, ni mai aikin gilashin mota ne a Gumel. Ina da mata da ɗiya, ina da rumfa kusa da ta Baba Sale, wanda ya koya mini sana'ar. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce talauci ne ya kai ni. Ba talauci ba ne.

Baba Sale yana da doka biyu. Ta farko, mutum biyu ne ke cire gilashin gaba, ɗaya a ciki ɗaya a waje, su zura siririyar waya ta cikin gam ɗin da ya riƙe gilashin, su riƙa ja kamar masu aiki da zarto. Ta biyu, idan ka kwance waifa masu share gilashi, ka mayar da noti inda ka same shi, ka ɗaure waifa biyun da tsumma ka ajiye a kujerar direba. Duk direbobin yankinmu sun san shi da wannan.

Ta farkon na fara karyawa. Na zare sili ɗaya daga wayar kulocin babur, na ɗaure bakinsa biyu a guntayen katako. In na buɗe ƙofa, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Kada waya ta gogi bakin gilashi, a kwana ka sassauta, kada ka kuskura ka banƙare da sukudireba. Gam na gama yankewa, ka tura daga ciki da tafin hannu, a hankali. Ranar da Baba ya gan ni ina yi, ya ce, "Hannunka ya yi kyau. To amma in kana aiki kai kaɗai, wa ke ganinka?" Na ɗauka hassada ce.

Da ƙarami na fara. Aka kawo motar da ta yi hatsari, gilashinta lafiya lau, na cire na ɓoye, na ce wa mai ita ya tsage. Wani dillalin kayan mota a Maigatari, Ilu, shi ya saya. Ya juya gilashin yana dariya, ya ce, "Malam, mai irin hannunka yana zaune a rumfa yana jiran hatsari?"

Daga nan na koma cin kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Da rana tsaka nake yi, sanye da kayan aiki masu baƙin mai, masu motoci suna can cikin kara wajen cinikin shanu. Masu wucewa har sannu da aiki suke yi mini. Akwai dattijon da ya kama mini gilashi muka ɗora a amalanke, ya kuma yi mini addu'a. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Abin da ban lura da shi ba, hannuna bai manta doka ta biyu ba. Duk motar da na yi wa sata, sai na mayar da noti, na ɗaure waifa, na ajiye a kujera. Wata Alhamis na cire gilashin bas ɗin wani direba ɗan garin Ɗanzomo. Ya dawo ya ga ɗaurin, ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ai aikin Baba Sale ne!"

Washegari direbobi suka zo Gumel da 'yan sanda. Ina tsaye aka jawo tsohon daga rumfarsa, hularsa ta faɗi, wani ya taka ta. Sau ɗaya ya dube ni.

Da na kai masa abinci inda ake tsare da shi, ya ture kwanon ya ce, "Waifa biyun nan, ka ɗaure su daidai yadda na koya maka. Ni ba zan faɗi sunanka ba. Kai za ka faɗa da bakinka."

Ban faɗa ba. Dabara na yi: in aka sake sata alhali Baba yana tsare, za a gane ba shi ba ne. Haka na gaya wa kaina. Amma tun kafin Alhamis na riga na shirya da Ilu inda zai karɓi gilashin. Ku dubi irin mutumin da na zama: ko ceton maigidana sai da na sa shi a kasuwa.

Da Alhamis ɗin ta zo, ashe direbobi suna fako. Waya tana hannuna, rabin gam ya yanke, suka rufe ni da duka. A kotu Ilu ya rantse bai taɓa ganina ba. Shekara biyu na yi a gidan yari. Matata ta koma gidansu da ɗiyata.

Da na fito na tarar an rufe rumfar Baba. An sake shi, amma ba mai kawo masa mota. Na same shi a gonarsa a wani ƙauyen Sule Tankarkar, na durƙusa. Ya ce, "Na yafe maka, Allah ya yafe mana. Sai dai har yau ana cewa tare muke yi." Ya ci gaba da nomansa. Wannan ba ni da abin gyara shi.

Matasa, ku da ke koyon sana'a, kada ku ce mini ƙaddara ce, ni na zaɓa, mataki bayan mataki. Ku guji mai yabon hannunku a ɓoye. Duk aikin da ba ku so a gan ku kuna yi, ku ajiye shi tun bai yi nisa ba. In kun faɗi, ba ku kaɗai za ku faɗi ba, har da wanda ya koya muku.

Na tuba, yanzu ina aiki a Gagarawa Tasha. Har gobe na iya cire gilashi ni kaɗai, amma ba na yi. Mai mota nake kira, in miƙa masa ɗaya katakon, in ce ya shiga ciki ya riƙe. In ya ce ba shi da lokaci, sai in zauna in jira shi.