Tabon da ke leɓen Mainassara

Da an idar da sallar asuba, Malam Mainassara zai share ƙofar ɗakin shan magani na Dakoro, ya tafasa ƙarafansa, ya jira masu dafe da kunci. Shi ba likitan haƙori ba ne, anfirme ne kawai, wato ma'aikacin jinya, amma daga Mai Yara har Ɗan Gulbi, duk wanda haƙori ya hana wa tauna wurinsa yake zuwa. Sai ya kwaɓa farin gari da man kanumfari ya toshe kogon. Simintin wucin gadi ne, na mako guda, kafin mutum ya je asibiti Maraɗi. To, wane makiyayi zai bar shanu ya tafi Maraɗi? Toshin mako guda sai ya yi damina cur a baki.

Shi ya sa ya kafa wa kansa doka. Duk sabon gwangwanin garin da aka kawo, sai ya kwaɓa kaɗan ya liƙa a cikin leɓensa na ƙasa, ya kame baki har azahar. In naman bai yi ja ba, sannan ya sa wa jama'a.

Shekara uku da samun mulkin kai aka aiko da gwangwani goma sha biyu, da wani rubutu da ba mai iya karantawa. Ran nan Jimrau makiyayi ya iso daga Bader Goula dafe da kunci, washegari zai bi garke arewa. Ya tarar da Mainassara ya cika leɓe ya yi gum.

"Likita, ni ke ciwo, kai ke shan magani?"

Mainassara ya nuna masa tabarma. Kafin hantsi ya dubi ludayi gumi ya keto wa Mainassara. Ya tofar, sai ga leɓe ya saɓule, fari fat kamar dafaffen nama.

"Wannan ba ya shiga bakin ɗan Adam," in ji shi.

"Sa mini haka nan! Bakin daji gare ni, ya fi naka ƙwari."

"Wata huɗu za ka yi can. In ya ci maka muƙamuƙi, saniya za ta duba ka?"

Ya kankare gindin tsohon gwangwani ya toshe masa, ya kulle sababbin.

Me aka saka masa da shi? Wani babba ya zo rangadi, ya ga gwangwanaye a kulle, ya hau shi da faɗa gaban marasa lafiya: "Wa ya naɗa ka mai bincike? Ka fi waɗanda suka yi shi sani?" Mainassara ya ja leɓe ya nuna masa. Mutumin ya kau da kai, ya rubuta a takardar aikin Mainassara cewa mai gardama ne. Daga baya wasiƙa ta zo a ɓoye, wai a maido da kayan, kada a taɓa su. Aka kwashe. Kalmar nan kuwa ba wanda ya goge, ita ta hana shi ƙarin girma har yau. Wannan ba zalunci ba ne?

Makon jiya ya ajiye aiki. Ba lambar yabo, ba ko wanda ya taso daga ofis. Jimrau ne ya zo da ƙwaryar nono, ya ɗauko goro ya fasa da haƙorin nan, ƙas!

"Kai, Jimrau, na mako guda ne fa na ce maka!"

"Ai makon bai cika ba, Likita."

Kai ne, Mainassara, mai ɗanɗana wuta kafin ta taɓa wani. Kai ne ka ba da leɓenka aka tsira da muƙamuƙan mutanen da ba su ma san an yi ba. Har yau in ka kurɓi shayi sai ya ɗiga ta gefen tabon. Mun gani, mun gode, Allah ya saka maka.

Wanda ya gaje shi, kada ka sa wa talaka abin da ba ka gwada ba. Ku kuma masu riƙe da takardarsa, alƙalamin da ya rubuta "mai gardama" yana nan hannunku. Ku goge tun yana da rai.